Man Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsadarsa, Hanyar Samunsa da Abin da Zai Iya Maye Gurbinsa

A Zariya ba a rasa mai tambaya kan jirgin sama. Ga kwalejin horar da matuƙa a hanyar Samaru, ga maniyyata masu jiran sanarwar kuɗin kujera kowace shekara, ga malaman jami'a da 'yan kasuwa da ke zuwa Kaduna ko Kano su hau jirgin Legas. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin waɗannan mutane. Wanda ya riga ya san irin man da jirgi ke sha yana iya tsallakewa zuwa maganar farashi.

Wane irin mai jirgin sama yake sha? Fetur ne?

Ba fetur ba ne. Jiragen fasinja da ake hawa a Kano da Kaduna da Abuja kananzir suke sha, wanda aka tace da kyau, ana kiransa Jet A-1. Idan aka dafa ɗanyen mai a matata, iskar gas da fetur ne suke fara tashi saboda rashin nauyinsu, sai kananzir a tsakiya, sai dizal, baƙin mai da kwalta kuma su kwanta a ƙasa. A ganga mai cin lita 159, abin da ke fitowa man jirgi bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba.

An zaɓi kananzir ne saboda ba ya saurin kama wuta. Turirin fetur yana kamawa ko a tsananin sanyi, shi kuwa Jet A-1 ƙa'idarsa sai zafinsa ya kai aƙalla digiri 38 kafin turirinsa ya kama. Sannan yana jure sanyi. A tsayin ƙafa 35,000 iska takan kai digiri 50 da wani abu ƙasa da sifili, ko da kuwa a ƙasa ana cikin zafin bazara, don haka aka sharɗanta kada man ya fara daskarewa sai ya kai digiri 47 ƙasa da sifili. Amurka tana da nata mai suna Jet A, wanda iyakarsa digiri 40 ne ƙasa da sifili.

In dai kananzir ne, ba za a iya zuba na risho a jirgi ba?

A'a. Asalinsu ɗaya, amma na jirgi sai an gwada shi a kan abubuwa da dama: yawan ruwan da ke cikinsa, datti, sinadarin sulfa, lokacin daskarewa, da yadda yake jure zafin injin ba tare da ya bar dauɗa a bututu ba. Kowane kaso yana tafe da takardar shaida tun daga matata har bakin fiffike. Kananzir ɗin da aka auna a kwalba babu wanda ya san jarkoki nawa ya ratsa, kuma in an gauraya shi da fetur, ko a risho ma haɗari ne. Duba amsar gurɓataccen mai a ƙasa.

Ƙananan jiragen da ke kewaya saman Palladan da Samaru fa, su ma shi suke sha?

Wasu e, wasu a'a. Kwalejin, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana koyarwa da jirage masu farfela irin su Tampico na ƙasar Faransa. Injinsu dangin injin mota ne, mai fulogi, kuma fetur na musamman yake sha da ake kira Avgas, mai launin shuɗi, da dalma a cikinsa. Ba a tace shi a Najeriya, matatun da ke yinsa a duniya ma kaɗan ne, kuma masu sayensa a nan ba su da yawan da zai sa ɗan kasuwa ya cika jirgin ruwa dominsu. Shi ya sa yake zuwa kaɗan-kaɗan da tsada, wani lokaci ya ɓace, ɗalibi ya zauna yana jira alhali sa'o'in tashinsa ba su cika ba.

Jiragen Diamond na ƙasar Ostiriya da kwalejin ta shigo da su daga baya suna da injin irin na dizal, wanda ke ƙona Jet A-1. Wannan sauyi ya fi muhimmanci ga iyayen ɗalibai fiye da yadda ake zato, domin man da manyan jirage ke sha kullum ya fi sauƙin samu a kan wanda sai an yi odarsa daga waje. Sauran ragowar kuɗin mai kuma na'urar kwaikwayon tuƙi ce ke rage shi, wadda ɗalibi zai zauna a ciki ya koyi saukar gaggawa sau goma ba a ƙona lita ko ɗaya ba.

Lita nawa jirgi yake sha?

Boeing 737-800, irin wanda ke yawan zirga-zirgar cikin gida, tankinsa yana cin kusan lita 26,000, kuma yana ƙona wajen tan biyu da rabi a sa'a, wato kimanin lita 3,000. Boeing 747, wanda alhazai da yawa suka sani, yana cin sama da lita 200,000, yana ƙona kusan tan 10 a sa'a. A tafiyar sa'a biyar zai sha abin da ya kusa tankar mai biyu masu cin lita 33,000.

Matuƙa ba da lita suke lissafi ba, da nauyi suke yi. Mai yana kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi, saboda haka litar da aka zuba da tsakar rana a Sakkwato ba ta kai ta asubahin hunturu ƙarfi ba, amma kilo kilo ne a ko'ina. Lita ɗaya tana da nauyin kusan kilo 0.8. Mai sayarwa da lita yake karɓar kuɗi, matuƙi da kilo yake rubutawa, kuma a wannan juyin lissafi an taɓa yin kuskuren da ya kashe injin jirgi a sama, kamar yadda za a gani a amsar ƙarewar mai.

Me yake sa farashinsa ya yi ta hawa da sauka?

Abu uku ne a jere. Na farko farashin ɗanyen mai a duniya, wanda ya kai dala 147 a ganga a Yulin 2008, ya faɗi warwas a 2020 lokacin korona, ya sake haura dala 120 a 2022 bayan Rasha ta shiga Yukiren. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ta mashigin Hormuz yake bi, don haka duk wata hayaniya a yankin Gulf tana taɓa farashi tun kafin jirgin ruwa ko ɗaya ya tsaya.

Na biyu shi ne ribar tacewa, wato tazarar da ke tsakanin kuɗin ɗanyen mai da na tataccen. Kananzir da dizal maƙwabta ne a cikin ganga. Idan duniya ta matsu da neman dizal, kamar yadda Turai ta yi a 2022, matatu sukan karkata can, man jirgi ya yi ƙaranci, ya yi tsadar da ta fi ta ɗanyen man kansa. Wannan ne mutane da yawa ba sa lura da shi, sai su ji a rediyo an ce gangar mai ta sauka, su yi mamakin yadda na jirgi bai motsa ba.

Na uku, kuma wanda ya fi cizon ɗan Najeriya, shi ne dala. A Mayun 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya wuce 1,500. Ko da farashin duniya bai ƙaru da sisi ba, wannan kaɗai ya isa ya ninka kuɗin lita sau uku. Kamfanin jirgi da naira yake sayar da tikitin Kano zuwa Legas, amma mai da kayan gyara da hayar jirgi da inshora duk dala suke bi.

Cire tallafin mai da aka yi a 2023 ne ya jawo tsadar tikiti?

Ba kai-tsaye ba. Tallafin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cirewa ranar 29 ga Mayu, 2023 na fetur ne, man jirgi kuwa tun kafin nan kasuwa ce ke yanka masa farashi. Abin da ya bugi kamfanonin jirage shi ne sakin naira da Babban Banki ya yi a watan Yunin da ya biyo baya. Abubuwan biyu sun zo a jere ne, shi ya sa suka cakuɗe a tunanin jama'a.

An ce akwai lokacin da kamfanonin jirage suka ce za su daina tashi baki ɗaya. Me ya faru?

A Mayun 2022 ƙungiyarsu ta AON, ƙarƙashin Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina na kamfanin Azman, ta sanar da cewa za su dakatar da aiki daga ranar 9 ga wata, saboda lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Gwamnati da majalisa suka sa baki, aka janye barazanar. Tun a Fabrairun shekarar kamfanonin sun riga sun ɗaga mafi ƙarancin tikiti zuwa naira 50,000.

Mu yi lissafin da lita 3,000 ɗin da aka ambata a sama. A naira 190, man sa'a ɗaya naira 570,000 ne. A naira 700 ya zama miliyan 2.1. In jirgin ya ɗauki mutum 150, kason kowa ya tashi daga naira 3,800 zuwa 14,000. In mutum 90 kawai aka samu, kowa ya haura 23,000, ba a biya matuƙi ba, ba a biya kuɗin sauka ba, ba a sayi taya ba. A duniya mai yakan ci kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin gudanar da kamfani, su kuwa kamfanonin gida suna cewa nasu yana kai 40 ko fiye. Daga nan za a gane dalilin da jirgin da bai cika ba akan haɗe shi da na yamma, a ce wa fasinja an samu "matsalar gudanarwa".

Me ya sa man jirgi ya fi tsada a Kano da Kaduna a kan Legas?

Saboda a mota yake zuwa. Daga bakin ruwa ake loda shi a tankoki, su yi tafiyar wajen kilomita 1,000 in Kano za su, ko ta Jebba da Mokwa, ko ta Lokoja da Abuja. Wanda za shi Kano ta nan Zariya zai ratsa, ta Ɗan Magaji da Kwangila, tare da sauran manyan motocin da muke ƙorafin sun tare hanya. Tankar dizal take sha, direba da yaron mota suna cin abinci, akwai kuɗin hanya, kuma za ta koma kudu wayam, domin tankar man jirgi ba a loda mata wani abu daban. Duk wannan a kan lita yake hawa. Maiduguri da Yola da Sakkwato sun fi jin jiki.

Tsada ma da sauƙi a kan yankewa. A Oktoban 2022 ambaliya ta rufe hanya a Lokoja, tankokin mai suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki. Filin jirgin da ajiyarsa ba ta wuce ta 'yan kwanaki ba, irin wannan ya isa ya sa jirage jinkiri ba tare da an rasa mai a ƙasar ba. Manyan filayen duniya da bututu ake kai musu mai, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har inda jirgi ke tsayawa. Legas ma tana da tsohon bututun da aka shimfiɗa don haka, ya daɗe da daina aiki.

Abin takaicin shi ne matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ba ta fi tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci daga Zariya ba. An gina ta ne domin Arewa ta huta da wannan doguwar jigila, amma ta shafe shekaru ba ta tacewa.

To matatar Dangote ba ta magance matsalar ba?

Ta magance rabi. Matatar, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana a Lekki, ta fara fitar da dizal da man jirgi a farkon 2024, har ta kai ana loda man jirginta zuwa Turai da Amurka da Saudiyya. Ƙasar da a da take jiran jirgin ruwa daga waje, ta nemi dalar biyansa, ta biya kuɗin jinkiri a tashar Apapa, yanzu tana da mai a gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Araha dai wata magana ce daban. Matatar ta kasuwa ce, ɗanyen man da take tacewa da farashin duniya take saye, wani ma daga Amurka take kawo shi. Litar da za ta iya sayarwa a Turai da dala ba za ta ba kamfanin gida ita a rabin kuɗi ba. Tsarin sayar mata da ɗanyen mai da naira da aka fara a Oktoban 2024 yana rage wahalar neman dala, amma farashin da ake juyawa zuwa naira na duniya ne. Kuma Lekki ba ta matso kusa da Kano ba, duk abin da aka faɗa a amsar da ta gabata yana nan.

Mai yana iya ƙare wa jirgi a sama?

Yana iya faruwa, amma da wuya ƙwarai, domin doka ba ta bar abin ga son ran kamfani ba. Kafin jirgi ya tashi dole ya ɗauki man tafiya a ƙasa zuwa titin tashi, da na tafiyar kanta, da ƙarin kashi 5 cikin 100 na ko-ta-kwana, da wanda zai kai shi wani filin in na farko ya gagara, sannan ajiyar ƙarshe ta minti 30 da ba a son a taɓa. Kyaftin yana da ikon ƙarawa a kan haka. Matuƙin da ya ga zai sauka da ƙasa da ajiyar ƙarshe wajibi ne ya ayyana gaggawa, a ba shi hanya kafin kowa.

Inda aka samu matsala, yawanci kuskuren mutum ne. A 1983 wani Boeing 767 na Air Canada ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata saboda an rikita fam da kilo, injina biyu suka mutu, matuƙan suka lallaɓa shi ya sauka a tsohon filin soja na Gimli, ba a rasa rai ba. A Janairun 1990 jirgin Avianca ya yi ta jira a sama kusa da New York har man ya ƙare, mutum 73 suka mutu.

A wajenmu hazo ne babban mai cin man ko-ta-kwana. A Disamba da Janairu jirgi yakan iso saman Kaduna ko Kano, ya kewaya, ya gwada sauka bai ga titi ba, ya juya Abuja. An ƙona man tafiya biyu, fasinja bai isa ba. Idan aka ce an jinkirta tashi saboda hazo, sau da yawa gudun wannan asara ce.

Me zai hana jirgi ya cika tanki a Legas inda ya fi araha, ya je ya dawo da shi?

Ana yi. Daidai yake da direban motar haya da ya san gidan mai mai sauƙi, ya cika tanki a can don kada ya saya a hanya. Sai dai jirgi yana biyan kuɗin dakon man da ya ɗauka: duk ƙarin nauyi yana ƙona kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na kansa a kowace sa'a. Kuma kowane jirgi yana da iyakar nauyin tashi da na sauka. In an cika mai, wani lokaci dole a rage kaya, musamman da zafin rana lokacin da iska ta yi sakayau, fiffike da injin ba sa samun ƙarfinsu duka. Fasinjan da ya sauka aka ce jakarsa sai jirgi na gaba, wani lokaci wannan ne dalili.

Yaya ake gane gurɓataccen mai?

Babban abokin gaba ruwa ne. Yana shiga ta raɓar da ke taruwa a cikin tanki, ko ta murfin da bai rufu ba da damina. Ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, shi ya sa ake tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanka da ƙasan fiffike a duba a kwalba mai haske, a kuma gwada da sinadarin da ke sauya launi in ya taɓa ruwa. Wannan yana cikin abubuwan farko da ɗalibin tuƙi ke koya, kuma kafin kowane tashi yake yi. Ruwan da aka bari yana zama ƙanƙara a sama ya toshe hanyar mai. Haka ya faru da Boeing 777 na British Airways da ya taso daga Beijing a Janairun 2008, ya faɗi gab da titin sauka a Heathrow, kowa ya tsira. In ruwan ya daɗe kuma, ƙwayoyin cuta suna tsirowa a tsakaninsa da man, su ci jikin tanki.

A Yulin 2023 an tsiyayo ruwa mai yawa daga tankin wani Boeing 737 a Yola, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ɗauki mataki, ta kuma bi diddigin masu sayar da man. Ingancin mai daga matata zuwa daffo aikin NMDPRA ne, hukumar da ke sa ido kan tace mai da rarraba shi. Duk sauyin hannu daga tanki zuwa tanka dama ce ta shigar ruwa, wanda ƙarin dalili ne na son bututu.

Ni maniyyaci ne. Ina ruwan man jirgi da kuɗin kujerata?

Kuɗin jirgi yana cikin manyan kason kuɗin kujera, kuma da dala hukumar NAHCON take yarjejeniya da kamfanonin jigila. Jigilar alhazai tana da wani nauyin da tafiyar yau da kullum ba ta da shi: jirgi yana tafiya cike ya dawo wayam ya ɗauki sahu na gaba, bayan Arfa kuma a juya. Kujera ɗaya tana ɗauke da man tafiya huɗu. A wannan dawowa wayam ɗin ne akan yi dabarar kawo ruwan Zamzam tun alhazai ba su dawo ba. Nisa ma yana shiga lissafi, shi ya sa kuɗin maniyyatan Borno da Adamawa yakan fi sauƙi, sai sauran Arewa, na Kudu ya fi yawa.

Hanya in ta tsawaita, mai ya ƙaru. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi ana gab da fara jigila. A Agustan shekarar Nijar ta rufe nata bayan juyin mulki, jiragen Turai masu zuwa Najeriya su ma suka sha zagaye.

Da gaske ne jirgi yana zubar da mai a sama? Farin layin da yake bari shi ne?

Farin layin turirin ruwa ne daga injin da ya daskare. Zubar da mai kuwa wasu manyan jirage ne kawai ke da na'urarsa, kuma sai a gaggawa, in dole a sauka jim kaɗan bayan tashi alhali nauyi ya yi yawa. Daga can sama ake yi, ya baje a iska. Boeing 737 da Airbus A320 ba su da ita, sai dai su kewaya su ƙona, ko su sauka da nauyin a duba jirgin daga baya.

Kamfanonin waje yaya suke kare kansu daga tashin farashi?

Suna ƙulla yarjejeniya da bankuna tun da wuri a kan farashin da za su biya nan da wata shida ko shekara. Kamfanin Southwest na Amurka ya yi suna da wannan, ya tsallake tsadar 2008 alhali abokan gasarsa suna kuka. A 2020 kuma abin ya juya, waɗanda suka ɗaure kansu da farashi mai tsada suka biya kuɗin man da ba su ma ƙona ba. Tsarin yana buƙatar dala a hannu da amincewar banki, kuma bai kare mutum daga faɗuwar naira ba, don haka kamfanonin gida galibi farashin ranar suke biya.

Menene wannan man da ake kira SAF, wanda aka ce ba daga rijiya yake ba?

Kananzir ne da ake haɗawa daga tsohon man girki, kitsen dabbobi, shara, ragowar amfanin gona, ko sinadarin etanol. Ana tace shi har ya zama kusan daidai da Jet A-1, don haka ba a sauya injin ko tanki. Ƙa'idar yanzu ta yarda a gauraya shi har zuwa rabi. Virgin Atlantic ya fara gwada shi a injin ɗaya na Boeing 747 a Fabrairun 2008, kuma ranar 28 ga Nuwamba, 2023 ya tashi daga Landan zuwa New York da shi zalla. A Afirka, South African Airways ya gwada na irin wata taba a 2016.

Ba don araha ake nemansa ba, domin ya ninka na gargajiya sau biyu zuwa biyar. Hayaƙi ne dalili. Kowane kilo na man jirgi yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon, jiragen sama kuma suna da alhakin kashi 2 da wani abu cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa. A 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da tsarin CORSIA na biyan diyyar hayaƙi, lokacin ɗan Najeriya Dakta Olumuyiwa Benard Aliu ne shugaban majalisarta. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 cikin 100 na SAF a filayenta daga 2025, kashi 6 a 2030, kashi 70 a 2050. Sai dai duk abin da aka samar a 2024 kusan tan miliyan ɗaya ne, wato kashi 0.3 cikin 100 na man jiragen duniya. Wanda za shi Landan ko Faris yana iya ganin kuɗinsa a tikiti, na Kaduna zuwa Legas bai shafe shi ba tukuna.

Ba za mu iya noma shi a nan ba? Ga gyaɗa, ga bini-da-zugu.

A ilmance ana iya. Air New Zealand ya tashi da man bini-da-zugu rabi da rabi a injin ɗaya a Disamban 2008, a lokacin da duniya ta ɗauka cewa shukar da muke shinge da ita za ta zama arziki a ƙasar da ba ta noma. Bai yiwu ba. Ta tabbata tana rayuwa a fako, amma ba ta ba da 'ya'ya masu yawa sai da ruwa da taki, kuma 'ya'yan ba sa nuna lokaci ɗaya, sai an bi da hannu. Manyan gonakin da aka buɗe a Afirka da Indiya yawancinsu sun rufe cikin 'yan shekaru.

Gyaɗa da waken suya kuwa abinci ne. A shiga kasuwar Sabon Gari a tambayi kuɗin galan na man gyaɗa, a kwatanta da na kananzir, lissafin zai kashe kansa. Tsohon man girki da Turawa ke tarawa daga gidajen abinci mu ba mu da shi da yawa, mai ƙosai ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kai. Karan dawa da na masara ma suna da masu jira: dabbobi, danga, murhu. Abin da ya fi kama da mai yiwuwa shi ne etanol daga rake ko rogo, da sharar manyan birane. Zariya tana da masu iya binciken, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, ga sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Daga kwalbar ɗakin gwaji zuwa matatar da hukumomin duniya za su ba shaida, jari ne na ɗaruruwan miliyoyin dala.

Jirgi mai batir ko mai sola fa?

Nauyi ne ya hana. Kilo ɗaya na kananzir yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin zamani sama da sau 40. Injin lantarki ya fi tattali, amma bai isa ya cike wannan rami ba. Ƙari a kan haka, jirgi yana raguwa da nauyi yayin da yake ƙona mai, batir kuwa cike ko wayam nauyinsa ɗaya. Solar Impulse 2 ya kewaye duniya da hasken rana tsakanin 2015 da 2016, amma mutum ɗaya yake ɗauka, da fiffiken da ya fi na Boeing 747 faɗi.

Inda batir ya fara aiki shi ne koyarwa. Pipistrel Velis Electro, mai kujera biyu, ya samu lasisin Turai a 2020, yana tashi na kusan minti 50. Wannan ya dace da ɗalibin da ke tashi ya kewaya fili ya sauka, irin wanda ake gani kullum a nan, in dai akwai tsayayyar wutar caji da hanyar sanyaya batir a watan Afrilu. Dogon zangon da ɗalibi ke yi zuwa wasu garuruwa har yanzu sai mai.

Haidirojin kuma?

An daɗe ana maganarsa. Tarayyar Sobiyat ta tashi da jirgin gwaji Tu-155 da shi tun 1988. Ba shi da nauyi, amma sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili, kuma yana cin wuri ninki huɗu na kananzir, ba zai shiga fiffike ba. A 2020 Airbus ya ce zai fito da jirgin fasinja mai amfani da shi a 2035, a farkon 2025 ya ɗage. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To me ke rage shan mai a yau, ba a 2050 ba?

Sabon jirgi ne kan gaba. Airbus A320neo da Boeing 737 MAX suna rage kusan kashi 15 cikin 100 a kan waɗanda suka gada, tazarar kuma ta fi haka in aka kwatanta da tsofaffin 737 na shekarun 1990 da har yanzu ake gani a nan. Air Peace ya kawo Embraer E195-E2, Ibom Air ya kawo Airbus A220. A gajeren zango irin Kaduna zuwa Abuja ko Kano, jirgi mai farfela irin ATR 72 ya fi kowanne tattali, kuma shi ma Jet A-1 yake sha, ko da yake fasinjojinmu suna masa kallon tsohon yayi ba bisa hujja ba. Matsalar ita ce sabon jirgi dala yake so, bashin banki kuma a nan ruwansa ya wuce kashi 20 cikin 100.

Akwai kuma abin da ke hannun hukuma: na'urar saukar da jirgi cikin hazo mai aiki kuma a daidaite, fitilun titi da za su bari a sauka da dare, da babbar ajiyar mai a Kano. Waɗannan ba sa jan hankalin taron ƙasa da ƙasa, amma a ganina sun fi SAF kusa da aljihun mai tafiya daga Arewa.

In farashin mai ya sauka, tikiti zai sauka?

Yana sauka, amma a hankali kuma ba duka ba. Man da ke daffo da tsohon farashi aka saye shi, kamfanin da ya ci bashi lokacin tsada yana son ya farfaɗo, sauran kuɗaɗensa na dala kuma suna nan. Abin da ya fi saurin karya tikiti shi ne yawan jirage a hanya ɗaya. Abuja zuwa Legas kamfanoni da yawa ne ke gasa, Kaduna kuwa jiragenta ƙalilan ne, don haka mutumin Zariya ya kamata ya duba farashin Kaduna da na Kano da na Abuja, ya haɗa da kuɗin mota ko jirgin ƙasa daga Rigasa. Kujerun farko a kowane jirgi su ne masu sauƙi, kuma a makon Sallah da ƙarshen Disamba suna ƙarewa tun da makonni.